Daga Kano zuwa Agege da gida guda a bayan mota

Cikin azumin 2024 ne, saura 'yan mintuna a sha ruwa ina tsaye a kicin ina suyar ƙosai, Baban yara ya shigo da wata ambulan a hannu fuskar nan ba yabo ba fallasa. Bai ce komai ba sai da aka sha ruwa aka yi magariba, sannan yace wai an yi masa canjin wurin aiki zuwa Legas, ofishinsu na Ikeja, kuma bayan ƙaramar sallah ake so ya kama aiki. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne "wace Legas ɗin?" kamar akwai wata a bayan Wudil. Ni da tafiyata mafi nisa a duniya ita ce Kaduna bikin 'yar gwaggona, kwana uku ma muka yi muka juyo.

A daren muka yanke shawarar da har yau nake ganin ita ce ta fi komai amfani a duk hidimar nan, shi ya fara yin gaba, ni da yara mu zauna sai an gama zangon karatu na uku a watan Yuli, tunda sabuwar shekarar makaranta a Satumba take farawa ko a Kano ko a Legas. Babban yana aji huɗu a firamare, mai bi masa tana aji biyu, auta kuma tana goye, in aka cire su a tsakiyar zango an yi asarar kuɗin makarantar da aka biya, can kuma a sake biyan wani, ga yaro ya shiga aji ya tarar an yi nisa. To wannan jinkirin ya ba mu kusan wata huɗu, a lokacin gani nake wata huɗu ai ko gini sai a yi, ashe ko isa ba za su yi ba.

Shi ya sauka wurin wani abokinsa a Agege ya shiga neman gida. Agege muka zaɓa saboda kusa take da Ikeja, a Legas kuwa nisan gidanka da wurin aikinka ba da kilomita ake auna shi ba, da gosulo ake aunawa, sannan unguwa ce da Hausawa suka daɗe a cikinta tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa, har sarkinsu gare su, kana tafiya a titi kana jin Hausa kamar kana Fagge. Amma neman gidan haya a can wata duniya ce daban. A Kano mun saba ka je wurin dillali ya kai ka wurin mai gida a yi magana ta mutunci, a can kuwa kafin ejan ya ɗaga ƙafa sai ka ba shi kuɗin duba gida, ko gidan ya yi maka ko bai yi ba, in kuma ya yi maka to bayan hayar shekara guda cif akwai kashi 10 cikin 100 na ejan, akwai wani kashi 10 ɗin na takardar yarjejeniya da suke cewa agirimen, akwai kuɗin koshin wai ko za ka fasa musu wani abu. Duk wanda ya yi lissafin haya kawai ya tafi, wallahi a tsaye zai ƙame.

Sa'a ɗaya da muka ci, a damina ya yi neman, Yuni da Yuli lokacin da ruwan Legas yake kan ganiyarsa. Wani gida da ya gani ranar da ake rana har ya kusa ba da kafin alƙalami, Allah ya sa abokin nasa yace ya bari a yi ruwa tukunna, da aka tafka ruwa suka koma sai da ya naɗe wando har gwiwa kafin ya kai ƙofar gidan. Daga nan ya koyi duba gindin katanga, in ruwa yana kwanciya a wuri sai ka ga shatinsa a jikin bango ko da an shafa sabon fenti. Ya kuma koyi tambayar ko mita mai kati ce, ko akwai tsohon bashin wuta a kanta, ruwa daga ina yake zuwa, masallaci yana ina. A ƙarshe aka samu ɗaki biyu da falo a hawa na biyu.

Ya turo min bidiyon gidan ta WhatsApp, a waya kuwa falon nan kamar filin idi. Har na fara tsara inda zan ajiye kaza da kaza, sai wata maƙwabciyarmu da mijinta soja ne, wadda ta yi ƙaura ta kai sau biyar, tace min "Maman yara kar ki yarda da waya, ki ce ya sayi tef ɗin tela ya auna miki." Haka aka yi, ya auna ɗakuna, ya auna faɗin ƙofa, ya auna matattakalar benen har da kwanar da take da ita a tsakiya, ni kuma na ɗauki nawa tef ɗin na bi kayana ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa a bayan littafin yara. Da na haɗa lissafin sai jikina ya yi sanyi. Sif ɗina mai ƙofa shida ko a mafarki ba zai sha wannan kwanar ba, in ma ya shiga ɗakin to gado ba shi da wurin zama. Kabat ɗin tangaran ma haka.

Na kira kafintan da ya haɗa su nace ko a kwance a je can a sake haɗawa, ya ƙwanƙwasa jikin sif ɗin da yatsa yace "Hajiya gaskiya zan faɗa miki, wannan ba katakon gaske ba ne, irin na zamani ne da ake matse garin katako, sau ɗaya yake karɓar kusa da daɗin rai, in aka kwance aka sake ɗaurawa sai ya riƙa rawa, ga danshin Legas, ba zai yi damina biyu ba zai kumbura." Gadon ne kawai yace zai iya tafiya don shi katako ne mai kyau.

To a nan fa aka zo inda gizo yake saƙar, don kayan ɗakin mace a wurinmu ba katako ba ne kawai. Duk wadda aka yi wa jere ta san abin da nake nufi. Na je gida na samu mahaifiyata Hajiya tana tsince shinkafa, na daɗe ina kewaye-kewaye kafin nace ina tunanin kiran dillaliya ta ɗauki sif da kabat. Ta ajiye faranti ta dube ni tace "Ke yanzu kayan da na shekara biyu ina zubin adashe a kansu, gwaggwanninki suka kwana suna jera miki, su za ki miƙa wa dillaliya? Me kike so a ce a dangi, an ce mijinki ya samu ƙarin girma kuma a ji kina saida kayan ɗaki?" Nace Hajiya ba za su shiga gidan ba ne, na nuna mata awon, ko kallon takardar ba ta yi ba. Ni kuma a raina na san tana da gaskiyarta, a garin nan in aka ga ana fitar da kayan ɗakin mace ana kai wa dillalai abu biyu ake kawowa, ko talauci ya shigo ko aure ya mutu, ba mai tsayawa ya tambayi faɗin matattakala. Duk da haka na kira dillaliyar a ɓoye don in ji, kuɗin da ta taya ko na madubin jikin sif ɗin bai kai ba, nace ta sha zamanta. Ƙarshe dai ɗakin baƙi na gidan Hajiya aka gyara aka kai su can, ita ta huce, ni na huta da biyan kuɗin ɗaukar abin da ba zai amfane ni ba.

Daga nan sai na samu ƙwarin gwiwar raba sauran kayan. Duk abin da na ɗaga sai in tambayi kaina yaushe rabon da in taɓa shi. Kulolin da aka ba ni gudunmawa wasu ko daga kwalinsu ba a fitar ba shekara goma sha ɗaya, tsofaffin labulaye, keken yara da ya karye, kayan sanyi masu nauyi da ba za su yi aiki a garin da hunturu sai dai a ji labari ba. Na raba wa maƙwabta da 'yan uwa, almajirinmu ma ya tashi da katifa ƙarama da bargo. Abu ɗaya na kafe a kansa, turmina da taɓarya. Baban yara yace a waya "Haba, turmi a bene?" nace ko a jirgin sama ne.

Maganar mota kuwa ƙanena na ɗora wa, shi ya yi ta zirga-zirga wurin 'yan kamasho. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai na sufuri ya tashi, manyan motoci ma da gas suke sha nasu kuɗin ba a magana, tafiyar kuma kilomita 1,000 ce da 'yan kai. An ba mu zaɓi biyu, ko a haɗa kayanmu da na wasu a tirela, wannan ya fi sauƙin kuɗi amma ba ka da iko da ranar tashi ko ranar sauka kuma a Legas inda suka ga dama za su sauke maka, ko mu ɗauki ƙaramar mota mai rufaffen bodi mu kaɗai. Dabarar da wani dattijon direba ya ba ƙanen nawa ita ce a nemi motar da ta kawo kaya daga Legas ta sauke a kasuwar Singa ko ta Kwari tana neman lodin komawa, don mai ita ya fi son ya rage maka da ya koma fayau. Yace kuma kafin a yi ciniki a shiga cikin bodin a shinshina, motar da ta saba ɗaukar albasa ko busasshen kifi ko dabbobi in ta ɗauki katifarka to kai da warin nan har abada, a ɗaga kai kuma a duba rufin ko haske yana shigowa tunda damina ce.

Ta ofishin ƙungiyar direbobi na tasha aka yi cinikin, ba a bakin titi ba, saboda in wani abu ya faru a san wanda za a riƙe. Aka rubuta rabin kuɗi yanzu, rabi sai kaya sun sauka. Aka ɗauki hoton lambar mota da lasisin direba. Abin da muka manta ba mu rubuta ba shi ne wa zai biya kuɗin hanya, na shingaye da masu tare mota su yanka tikiti iri-iri, to wannan ya zo ya zama abin ce-ce-ku-ce daga baya, direba yace namu ne mu muka ce ai yana cikin ciniki, ƙarshe raba shi aka yi biyu kowa yana ƙunƙuni.

Haɗa kaya sati uku ya ci min. Kwalaye daga kantin unguwa, Gana-mas-go guda nawa ban ma ƙirga ba, salatif da maka. Tangaran da kofunan gilas a cikin zannuwana da atamfofi na naɗe su, kaya biyu sun tafi a wuri ɗaya kenan kuma ko ɗaya bai fashe ba. Kowane kwali in rubuta abin da ke ciki da lamba, in kuma rubuta a littafi. Silindar gas muka bari ta ƙare, janareta aka tsiyaye masa mai, firji aka kashe tun kwana biyu kafin lodi ya tsane, a tsaye kuma aka ɗaure shi. Rasit ɗin talabijin da firji da injin wanki na ba ƙanena ya riƙe tunda shi zai bi motar, don a shinge ana iya cewa ina shaidar kayan nan naku ne. Takardu kuwa ban yarda sun shiga motar ba sam, takardun haihuwa, sakamakon jarrabawar yara da takardar canjin makaranta, katin riga-kafin auta, takardunmu na makaranta, duk a jakar hannuna tare da 'yan gwala-gwalaina.

Sai kuma ƙananan abubuwan da ba a lissafa su sai sun taso. Adashen da nake ciki saura mutum uku kafin kwasata, sai da muka zauna da uwar adashe aka shirya zan riƙa turo zubi ta waya. Atamfofina biyu da suka kwana wata biyar wurin tela, sai da na je na zauna masa a shago. Bashin mai kanti, kuɗin mai nono, malamin Islamiyyar yara da ya rubuta min inda kowa ya tsaya a hadda don kar a je can a mayar da su baya.

Bankwana ma aiki ne mai zaman kansa, ba ka isa ka bar gari ba ka je gidan kowa ba, dangin uwa, dangin uba, dangin miji, wanda ka tsallake kuma ya riƙe ka har tsufa. Abin dariyar shi ne duk gidan da na shiga sai na fito da ƙulli. Wannan ta ba ni kuka, waccan daddawa, wata busasshiyar kuɓewa, yaji kala uku, man shanu a galan, surukata kuma ta aika kasuwar Dawanau aka auno mana gero da dawa da wake wai kar jikokinta su je su rame da garin rogo. Wurin da na sha wahala na samar ta hanyar rabar da kaya, tsaraba ta zo ta cike shi tsaf.

An sa ranar lodi farkon Agusta. Ranar 1 ga wata aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, a Kano abin ya rikice har gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24, direba ya kira yace shi kam ba zai fito da motar mutane ba sai ƙura ta lafa, kuma da gaskiyarsa. To ga shi an kwance gado, an naɗe kafet, tukwane duk suna cikin kwali an like. Kusan sati biyu muka yi a tsakiyar kwalaye da tukunya ɗaya da risho na aro, yara kuwa murna suke wai suna wasan ɓuya. Mai gidan da muke haya, Allah ya saka masa, yace mu zauna ba komai duk da wa'adinmu ya cika, amma da wani ne sai mun biya, shi ya sa nake ganin kar mutum ya sa ranar tashinsa daidai da ranar ƙarewar haya.

Ranar da aka yi lodin tun bayan asuba 'yan dako suka zo, kafin azahar gida ya zama fayau. Na shiga ɗakina in duba ko an bar wani abu, ba komai sai shatin inda sif ya zauna a jikin bango da zanen da babban ya yi da biro yana ɗan shekara uku wanda na yi ta faɗa a kansa. Maganata har amsa-kuwwa take. A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun cikin azumi, maƙwabciyar nan matar soja ta shigo ta same ni tace "yi abinki, na farkon ne mai zafi."

Motar ta bi Zariya, Kaduna, ba su bi ta Birnin Gwari ba saboda halin da hanyar take ciki, sai suka gangara ta Lambata zuwa Bida, Mokwa, suka haye gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan sannan Legas. Direba yace kwana biyu, kwana huɗu suka yi. Tsakanin Lambata da Bida wata tanka ta kafe a taɓo ta tare hanya suka kwana a nan, wayar ƙanena ta mutu, daren nan ban runtsa ba Hajiya kuwa kan sallaya ta kwana. Mu kuma jirgi muka bi da ɗan kuɗin ƙaurar da ofishinsu ya bayar, wanda dama iyakarsa kenan, awa ɗaya da rabi daga filin jirgin Malam Aminu Kano sai ga mu a na Murtala Muhammed. Babban ya karanta sunan yace "Umma ai wannan ɗan Kano ne, an faɗa mana a makaranta," nace to ka ga ba mu muka fara zuwa ba.

Da motar ta iso ƙofar gida tun ba a buɗe bodi ba wasu samari suka taso wai sai an biya kuɗin sauke kaya a unguwarsu. Baban yara har ya fara ɗaukar zafi, wani dattijo Bakatsine mai shago a ƙasan benen ya janye shi gefe yace "Alhaji bar ni da su," ya yi musu Yarbanci kamar a bakinsa aka halicce shi, aka ba su abin da aka ba su, su ɗin ne ma suka koma 'yan dakon suka haura da kujeru.

Sai da aka zo haɗa gado aka ce ina noti. Kafinta ya zuba min su a leda yace in manna a jikin gadon da salatif, ni kuma cikin ruɗanin dokar hana fita na jefa ledar a wani kwali nace zan tuna. Kwali 41 na rubuta wa lamba, uku na ƙarshe ne kawai ban rubuta ba, kuma ba ta cikin ukun. Kwana tara muna kwana a katifa a ƙasa kafin ta fito daga cikin wata kula, ƙarƙashin ƙullin daddawa.

Yanzu mun kwana biyu. Kukar da na zo da ita ta dunƙule cikin wata ɗaya, takalman sallar Baban yara na fata suka yi fumfuna, wake sai da na juye a jarka na toshe saboda ƙwari, kuma duk abin da aka yi ta tausaya mana a kansa akwai shi a kasuwar Agege da Mile 12, tattasai da albasar ma daga wajenmu ake kawo su, nama kuwa ga mayankar Oko-Oba a bayanmu, mahautan da yawa 'yan gida ne. Yara suna koyon Yarbanci a makaranta don dole ne a jihar, mai bi wa babban har ta fara yi min tafinta wurin mai tumatir. Turmi kuma rana ta farko da na ɗaga taɓarya matar da ke ƙasanmu ta hau da gudu tana riƙe da kai ta ɗauka benen ne zai rufto, yanzu sai in sauko da shi tsakar gida in yi dakana, ita ma ranar Asabar takan aiko a ara mata na sakwara.

Jiya Hajiya ta kira bidiyo, ba ta iya riƙe wayar daidai ba rabin fuskarta kawai nake gani, sai da ta zagaya da ni ɗakin baƙi ta buɗe min ƙofofin sif ɗin ɗaya bayan ɗaya wai in ga ana goge shi. Ta cika ɓangare biyu da zannuwanta.